Filin Da Bai Huta Ba

Akwai wani mutum da ake kira Mai Makulli, domin kullum yana saɓe da dogon makullin ƙarfe na buɗe bututu. Ba mugu ba ne, amma wajen son jiki, kai, ba a magana.

Aikinsa ba wuya. Ruwan ƙazantar gari, bayan ya kwanta a tafkuna, ana tura shi cikin wani daji da aka shuka aka raba fili bakwai. Kowane fili ya sha kwana ɗaya, ya huta shida, don ƙasa da saiwoyi su tace ruwan. Fili na ɗaya yana bakin rumfarsa, sauran kuwa sai an hau tudu.

"Ƙasa ai duk ƙasa ce," in ji shi. Ya bar na ɗaya a buɗe har mako uku, ya miƙe ƙafa a benci.

Wata dattijuwa mai gwajin ruwa ta zo da kwalabenta, takalminta ya nutse a laka.

"Malam, filin nan ya ƙoshi. Yaushe rabonka da tudu?"

"Haba Hajiya, ko jiya na hau."

"To, Allah ya sa. In ƙasa ta jiƙe haka, ruwan wucewa kawai yake yi da dattinsa."

Ya ce to, ya koma bencinsa.

A gangaren dajin akwai unguwa, a nan mahaifiyarsa take. Shi da kansa ya haƙa mata rijiya a tsakar gida don kada ta wahala. Ran nan da hantsi ƙanwarsa ta bugo waya tana kuka.

"Yaya, ka zo asibiti. Inna ce, amai da gudawa."

Ya tarar da maƙwabta biyar kwance, an ce ruwan rijiya ne. Inna ta kamo hannunsa da ƙyar.

"Sannu, ɗan nan. Kana fama da hawan tudu, ga shi na ƙara maka wahala."

Ya kasa ɗaga ido don kunya da baƙin ciki. Kwana biyu Allah ya karɓi abarsa. Rijiyar kuwa, da hannunsa ya rufe ta da siminti.

Darasi: aikin da aka damƙa maka amana ne, ko ba mai duba ka. Ƙaramar gandar da kake ganin ba komai ba ce tana iya faɗawa kan wanda ka fi ƙauna, a lokacin da nadama ba ta gyara komai.