Haƙoran da Ba-Gwaji Bai Ƙirga Ba

Akwai wani bakanike da abokan sana'arsa ke kira Ba-Gwaji, saboda yana taƙama cewa idan ya ɗaura ƙarfe ba sai an gwada ba. Ya iya aiki, wannan kam ba a musu. Amma kansa ya fi garejinsa girma.

Surukinsa yana da tsohuwar akori-kura mai fo-wil, wato mai iya ja da tayoyi huɗu, wadda yake kai kaya gona da ita. 'Ya'yansa sun daɗe suna matsa masa ya ajiye tuƙi, wai ya tsufa. Shi kuwa ya kafe, ya kawo wa mijin 'yarsa motar don a sa mata aksil na baya mai ƙarfi, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya.

Ba-Gwaji ya samo wani jibgege a wurin mai tsofaffin kayan mota. Mutumin ya ɗauko sifana zai buɗe murfinsa su ƙirga haƙoran giyar ciki, don a mota mai fo-wil dole juyin gaba da na baya su zo daidai. Ba-Gwaji ya san haka sarai. Sai dai akwai mutane a wurin, kuma wani ya riga ya yi masa kirari. Ya daki ƙarfen da ƙafa, ya ce idonsa ya gama ƙirgawa.

A kan kwalta motar ta yi lafiya lau, tunda baya kaɗai ke ja. Tsohon ya ji daɗi, ya ɗauki babban ɗansa da Ba-Gwaji zuwa gona, yana ta yabon aikin.

Da suka iso taɓo sai ya saka fo-wil. Suna fita kan busasshiyar ƙasa motar ta fara tirjiya, gaba na ja daban, baya na turi daban. Can sai ƙara, farfela, sandar ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyi, ta karye ta daki ƙasa.

Babban ɗan ya ce ga abin da suke faɗa nan, Baba ya saka giya ba daidai ba. Ya miƙa hannu ya zare makullin. Tsohon bai ce komai ba. Ba-Gwaji kuwa ya shige ƙarƙashin mota yana taɓe-taɓe, don kawai kada su haɗa ido.

Da aka jawo motar gareji, ya buɗe murfin gaba da na baya ya ƙirga. Ba su zo daidai ba. Ya sake ƙirgawa, kamar haƙoran za su tausaya masa su ƙaru. Kunya ta rufe shi har ya kasa cin abincin da matarsa ta aiko.

Da yamma ya tarar da iyalin a tsakar gidan surukin, ana shawarar sayar da motar. Ya cire takalmi, ya durƙusa, hannunsa duk baƙin mai.

"Baba, ba tuƙinku ba ne. Aksil ɗin da na ɗaura bai dace da na gaba ba. An ce in duba, girman kai ya hana ni."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Ai tun a hannuna na ji ba daga ni ba ne, ɗana. Na ga gara a ce na tsufa, da a ce mijin 'yata bai san aikinsa ba."

Ba-Gwaji ya so a ce zaginsa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Babban ɗan ya ajiye makullin a gefen tabarmar mahaifinsa, shi ma kansa a ƙasa.

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana dubawa. Kuma idan kuskurenka ya faɗa kan wani, kada ka bari shirunsa ya zama mafakarka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na nan ya bar wani da laifinsa.