Ƙananan Tagwayen Tihomir

Akwai wani saurayi a garin Kazanlak mai suna Tihomir, wanda ya gama digirin lissafi, kuma bai bari kowa a unguwa ya manta da hakan ba.

Mahaifiyarsa Nevena ta shekara talatin tana tsinkar furen wardi tun asuba. Cutar yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta fara cin ɗayan. Sai ta sayar da amfanin gonarta na bana, ta damƙa masa leva dubu uku, kuɗin ƙasarsu, ya ajiye, domin ran Litinin za a yi mata aikin ido a birnin Plovdiv.

Ran Lahadi da rana, Tihomir ya shiga gidan karta da kuɗin a aljihu. Niyyarsa mai kyau ce a ganinsa: ya ninka su, aikin ya haɗa da ido na biyu.

Wasan poka ne marar iyaka, wanda mutum zai iya tura duk abin da ke gabansa a tashi ɗaya. Kowa yana riƙe kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya don kowa: uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya.

Tihomir ya fi son ƙananan tagwaye, wato kati biyu masu lamba iri ɗaya, kamar uku da uku ko huɗu da huɗu. Ya san ƙa'idarsu kamar sunansa. Ka shiga da araha. In ɗan'uwansu na uku ya fito a katunan farko, ka yi shiru ka kwashe mutane. In bai fito ba, ka yar. Kuma sau ɗaya cikin takwas yake fitowa.

Awa huɗu yana bin ƙa'ida. Tagwaye suka zo masa sau bakwai, na uku bai leƙo ba ko sau ɗaya, kuɗin suna zaizayewa kaɗan-kaɗan.

A gabansa akwai Ognyan, mai manyan motocin kaya, yana ɓare 'ya'yan kabewa yana tsokanarsa.

"Farfesa, wasa ka zo ko gadin kujera? In jami'a ta koya maka yar da kati, ai da ka zo wurina na koya maka kyauta."

Tebur ya kwashe da dariya. Kunnuwan Tihomir suka yi zafi.

Sai ga huɗu da huɗu. Ognyan ya zuba leva ɗari huɗu, ninkin ba ninkin abin da ya dace a biya wa irin wannan kati. Tihomir ya ƙirga a ransa: bakwai sun wuce, wannan ne na takwas. Shi da ya ci jarrabawa a kan cewa kati ba ya tuna abin da ya faru ɗazu, sai ya biya.

Dattijon da ke gefensa, wanda ake kira Bai Zdravko, tsohon direban jirgin ƙasa, ya karanci fuskarsa. Ya ce masa a hankali ya tashi ya sha iska, yau ba ranarsa ba ce.

"Bai Zdravko, kai ka san layin dogo, ni na san lissafi."

Dattijon ya ja kofin gahawarsa.

Aka buɗe tara, bakwai, biyu. Babu huɗu. Nan ne wurin yarwa, kuma ya sani. Amma ya dubi ɗari huɗun da suka riga suka shiga tsakiya, ya dubi Ognyan yana murmushi, ya gaya wa kansa cewa mutumin burga kawai yake yi. Da Ognyan ya ce ya zuba duka, Tihomir ya tura sauran da hannu biyu.

Ognyan ya juya katinsa: sarauniya biyu, tagwayen da suka fi nasa girma.

Kati biyun ƙarshe suka fito, shida da goma. Ognyan ya ja tulin, har ya turo masa leva biyar ya ce ta mota ce, kada farfesa ya taka a ƙasa.

A ƙasan ya taka. Ya isa gida da yamma, ya tarar Nevena ta haɗa jakarta, ta gasa banitsa, wainar fulawa da cuku, za ta kai wa ma'aikatan asibiti. Ta miƙo masa takardar likita ya duba mata ƙarfe nawa aka ce.

"Mama, ba za mu je ba."

Ya faɗa mata komai yana tsaye a bakin ƙofa. Ya so ta zage shi, ko ta jefe shi da wani abu. Ba ta yi ba. Ta zauna bakin gado ta zuge jakar, ta riƙa fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya, tana lalubar inda kowanne yake zama. Silifas ya faɗi ƙasa, ta sunkuya tana shafa dabe, alhali yana nan kusa da ƙafarta.

Ya matsa zai ɗauko mata.

"Bar shi, ɗana. Gara in fara sabawa."

Kafin wata kaka ta zo, idon na biyu ya rufe.

Darasi: Sanin ƙa'ida ba ya amfanar wanda dariyar mutane za ta iya raba shi da ita, kuma amanar da aka ba ka ba jarin gwada basira ba ce. Caca ba ta tambayar digirinka. Ku tura wannan labari ga duk wanda yake cewa shi ya fi ƙarfin a cinye shi.