Kada A Wanke Ta

Akwai wani saurayi a garin Isa mai suna Na'Allah. Yana da 'yar rumfar cajin waya a bakin tasha, da gonar gado a hanyar Tozai. Da rani yakan yi fatauci zuwa Maraɗi, da damina ya koma ga hauyarsa.

A Maraɗi ne wani mai gyaran kwamfuta ya ba shi filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. A cikinta akwai ƙaramin Linuks, manhajar da ke tada kwamfuta ta tafiyar da ita, marar nauyi, wadda aka yi domin tsofaffin na'urori. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu suka rubuta ta, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, kowa ya ba wani. Mai gyaran ya ce masa kamar iri take: kyauta ya samu, kyauta zai bayar.

Shekarar da nake ba ku labari, sama ta yi rowa. Mutane suka yi bizne, wato shuka cikin busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Yayyafi ya zo ya yaudari irin, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Aka sake, haka aka ƙara gani. Gulbi ya koma hanyar jakuna.

Irin Na'Allah ya ƙare ƙaf, ga damina ta yi nisa. Babu abin da zai kai sai gero mai saurin nuna. Aka ce za a kawo ɗan kaɗan kasuwar Sabon Birni, wanda ya riga shi zai samu. In ya rasa, gonarsa ta kwana bana.

Ranar kasuwar, yana cikin rufe rumfa, motar abokinsa Labbo tana lodi, sai ga wata tsohuwa ɗauke da abu cikin zane, ta rungume shi kamar jinjiri.

"Kai na Na'Allah mai tada matattun injuna?"

"Allah kaɗai ka tada matacce, Inna. Ni dai ina lallashin waɗanda sunka suma."

Sunanta Hajjo, daga Tozai ta tako da ƙafa. Ta kwance zanen, sai ga tsohuwar kwamfuta, murfinta ɗaure da roba. Ta ɗanta Maliki ce, wanda zazzaɓi ya ɗauke bara bayan kaka. Yakan ɗauki muryoyin mutanen gida da ita don wasa. Yanzu in an kunna ta, sai ta yi nishi ta tsaya.

Ta riga ta kai ta wurin wani mai gyara. Ya ce ta tsufa, sai an wanke ta. A bakin masu gyara, wankewa na nufin a goge duk abin da ke ciki a zuba sabo. Hajjo ba ta san wannan ba, amma kalmar ta ishe ta.

"Nic ce mai, an wanke Maliki sau guda, anka hito da shi gabana. Ba a ƙara wanke min shi."

Labbo ya danna oda, ya leƙo ta taga. "Injiniya, iri ba ya jiran mai hira. In ka tsaya, bana da kwamhuta za ka tuƙa tuwo."

Na'Allah ya dubi motar, ya dubi tsohuwar. Shi ma ya binne mahaifiyarsa. Kuma kwanan nan ya lura muryarta ta fara ɓace masa, kamar sawu a rairayi. Yana iya tuna abin da ta faɗa, amma ba yadda ta faɗe shi ba. Wanda ya taɓa rashi ya san wannan mutuwa ta biyu.

"Labbo, tahi. In ka iske saura ka riƙo min."

Ya buɗe rumfa, ya jona kwamfutar da sola, ya ɗauko filash. Hajjo ta riƙe hannunsa.

"Mi za ka sa mata?"

"Kwantar da hankalinki, Inna. Wagga ba ta wanki. Baƙuwa ta mai kunya, zaure taka tsayawa, ba ta shiga ɗaki sai an ce ta shigo."

Gaskiya ya faɗa. Manhajar tana iya tashi daga cikin filash, ta tafiyar da kwamfuta ba tare da ta taɓa abin da ke ajiye ba. Sai dai tsohuwar na'urar ta yi gardama. Ya gwada ta mutu, ya hure ƙura ya sake. Rana ta take, inuwar rumfa ta tsuke, Hajjo tana zaune tana jan tasbaha.

Bayan azahar fuskar kwamfutar ta yi haske, ta tsaya da ƙafarta. Abin da babbar manhajar da ke cikinta tun asali ta kasa ɗauka, ƙaramar ta ɗauke shi ba ko nishi.

Ya nemo inda muryoyin suke, ya danna guda. Aka fara jin kukan kaji da sautin taɓarya. Sai muryar wani saurayi, cike da dariya.

"Inna, hurag ga ta yau ta cika ruwa. Ko saniyar taki gulbi ta shanye?"

"To aje min abina, marar godiya," in ji Hajjo, a nan cikin rumfa, kafin ta tuna da wa take magana.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na'Allah ya fita waje ya tsaya yana kallon hanya, har ta gama.

Ya kwafe mata muryoyin a memori ya sa a 'yar wayarta. Ya zaunar da manhajar gefe guda cikin kwamfutar, bai goge ko harafi ba. Ta fara kwance bakin zane, ya girgiza kai.

"Wanga abu iri na, Inna. Ba a saida shi."

Da yamma Labbo ya dawo hannu sake. Tun hantsi, kafin ya gama sauke fasinja ya kai wurin, irin ya ƙare. Na'Allah ya ce Allah ya sa haka shi ne alheri, amma tuwon ranar bai wuce masa ba.

Bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa na gaske. Masu iri suka fita shuka. Na'Allah ya tsaya bakin gonarsa, ƙasa tana ƙamshi, hannunsa babu komai.

Sai ga jaki tafe daga Tozai, da dami a bayansa, Hajjo tana biye.

"Na ji abin da direban nan yac ce maka rannan," ta ce. "Wanga geron Maliki na, mai saurin nuna. Shi yaz zaɓe shi zangarniya-zangarniya, shi yaɗ ɗaure shi. Yunwa ta ci mu ban sussuke ba, 'yan uwa sun roƙa na hana, don shi na abu na ƙarshe da hannunai yat taɓa. Yanzu ina da muryatai. Gero ko ba don rumbu anka yi shi ba."

Na'Allah ya durƙusa zai yi godiya, ta tare shi.

"Da sharaɗi. Ba a saida shi."

Ruwan bai yi yawa ba a shekarar, amma geron bai nemi da yawa ba. Ya nuna da ɗan abin da ya samu. Da kaka Na'Allah ya ware iri ya raba wa duk wanda ya miƙo hannu, su ma suka raba. Har yanzu a wajen, in ka tambayi manomi wane gero ne wannan, sai ya ce maka irin Maliki ne.

Darasi: Kada ka yi saurin yanke wa tsohon abu hukunci, wataƙila kaya ne suka yi masa yawa. Abin da ka samu kyauta ka bayar kyauta, domin alheri iri ne, ba ka san gonar da zai tsiro maka ba. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, kuma wanda iyayensa ke raye ya je ya saurari muryarsu yau. Allah ya jiƙan namu da suka rigaye mu.