Mai Gyaran da Ya Ƙi Wanke Kwamfutar Mamaci

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane. Bawan Allah ne mai gyaran kwamfuta, ana ce masa Malam Mamuda. Rumfarsa ce ta ƙarshe a layin masu gyara. Ku saurara, 'yan uwa, ku matso kusa.

A layin nan akwai wata al'ada. In ka kawo kwamfuta ka ce nauyi take yi, ba mai tambayarka komai. Sai a ce, "Fomatin za a yi, a wanke ta." Wato a share duk abin da ke cikinta, a zuba mata sabuwar manhaja. Nan da nan ta kama gudu. Abin da ke ciki kuwa ya tafi ke nan. Kowa haka yake yi, ban da Malam Mamuda.

Ran nan sai ga wani saurayi, Sagir, da kwamfuta a hammata. Ta yayansa Nuhu ce, wanda ya rasu, dangi suka bar masa ita. To ga abin da Sagir bai sani ba. Lokacin da Nuhu yake jinya, ya riƙa ɗaukar muryarsa yana ajiyewa a ciki. Yana karanta ƙananan surori, yana yi wa 'yarsa Walida magana, don in ta girma ta san muryar ubanta. Babu muryar nan a ko'ina sai a cikin kwamfutar. Matarsa Suwaiba kaɗai ta sani, ita kuwa tana gidan iyayenta tana takaba.

Sagir ya dire ta a teburi. "Malam, wannan abar ta ishe ni. In na kunna ta, sai in je in yi wanka in dawo ba ta gama tashi ba. A wanke ta."

"Taka ce, samari?"

"Ta yayana ce, Allah ya yi masa rasuwa."

"Allah ya jiƙansa. Ka san abin da ke cikinta?"

"Tarkace ne kawai."

"Ka duba?"

"Malam, ina za ta bari in duba? Ni gyara na kawo, ba shari'a ba."

Malam Mamuda ya ce, "Kayan mamaci ba a share shi da gaggawa. Ka ba ni zuwa la'asar, akwai wata hanya."

Sagir ya yi tsaki. "In kai ba ka iya ba, miƙa wa na kusa da kai ya wanke." Ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Na kusa da shi, Ɗanliti, ya miƙo hannu. "Kawo, Malam. Mai abu ya ba da izini."

"Izinin mai fushi ne. Bari ya huce ya sake faɗa."

"Kai dai ka so wahala! Shi ya sa kullum rumfarka kamar an share."

Ku ji fa. Ranar kasuwa ce. Mutane suna zuwa da aiki, su ga ya duƙufa, su wuce rumfar Ɗanliti. Shi ko ɗaga kai bai yi ba.

Ya kwance bayan kwamfutar, ya tarar fankar ta toshe da datti, zafi yake sa ta kasala. Ya share fankar tas. Ya kunna, ya zauna jira. Ya jira, ya jira, har ta tashi. Ya ga tarin manhajoji da suke tashi tare da ita, kowacce tana jan ƙarfinta, kamar jakin da aka labta wa kayan gari guda. Ya hana su tashi sai an kira su. Ya tarar da maganin bairos, wato cutar kwamfuta, iri biyu suna kokawa da juna, ya cire ɗaya, ya sa ɗayan ya bincike ta. Ya kwashe sharar da ita kanta kwamfutar take tarawa. Sannan ya ɗauko ram, wato abin da ke ƙara mata faɗin aiki, daga wata matacciyar kwamfutarsa, ya ƙara mata, don Allah kawai. Ajiyar mai ita kuwa, hotuna ne, murya ce, ko buɗewa bai yi ba. Ya ce ba gyaransu aka kawo masa ba.

Shi kuma Sagir ya biya ya gaida Suwaiba. Cikin hira ya ce, "Anti, na kai kwamfutar Yaya a wanke."

"A wanke kamar yaya?"

"A share komai mana, ta yi sauri."

Suwaiba ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Sagir, muryar yayanka tana ciki! Ita ce abin da ya bar wa Walida!"

'Yan uwa, tana gama kwatanta masa inda muryar take, Sagir bai tsaya neman takalminsa ɗaya ba. Ya tare ɗan acaɓa, yana ta ce masa ƙara wuta, ƙara wuta. Yana sauka ya faɗa rumfar Ɗanliti.

"Ka wanke? Don Allah ka wanke?"

"Wa ya ba ni? Ga ta can wajen mai taurin kai."

Ya ƙarasa rumfar Malam Mamuda. "Baba, an share?"

Kun ji? Da safe Malam ne da tsaki, yanzu ya zama Baba.

"Zauna ka sha ruwa, ɗana. Ba abin da ya fita daga ajiyarsa."

Ya danna makunni. Kafin Sagir ya sauke kofin, ta tashi. Sagir ya lalubo wurin da Suwaiba ta kwatanta masa, ya danna. Sai ga muryar Nuhu, a hankali, irin ta mai jinya: "Walida, Abbanki ne. Zo mu karanta Fatiha."

Sagir ya durƙushe a ƙasa, yana kuka yana dariya, ba abin da yake faɗa sai alhamdulillahi. Shi kansa Ɗanliti da ya leƙo, cire hularsa ya yi ya goge fuska, ya koma rumfarsa.

"Baba, ka yafe mini maganar da na faɗa maka."

"Ba komai. Amma yau ɗin nan ka samo filash, 'yar ma'ajiyar nan ta aljihu, ka kwafe muryar, ka ba uwar yarinyar. Na'ura ba ta da alkawari."

To jama'a, ga darasin, a fili yake. Abin da aka damƙa maka amana ne, ko da wanda ya kawo bai san darajarsa ba. Malam Mamuda bai san akwai murya a ciki ba. Abin da ya sani kawai, kayan wani ne, kuma abin da aka share ba ya dawowa. Sai ya ɗauki hanyar wahala.

Mu fa? Abu kaɗan ya yi mana nauyi, sai mu ce a share. Aboki ya ɓata maka, ka goge lambarsa. Ɗan uwa ya yi maka nauyi, ka yanke zumunci, ba ka tsaya ka duba me ya danne shi ba. Kai tela, kai makanike, kai mai gyaran waya, kayan mutane suna hannunku kullum. Kafin ka yanke, ka tambaya. Kafin ka share, ka dakata. Allah ya sa in an ba mu amana, mu mayar da ita cikakkiya. Ku ce amin.