Akwai Wurin Mutum Ɗaya a Kwalekwale

Akwai wani dattijo mai gyaran firji, kowa a layinsu Baba Mai Firji yake ce masa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da tsofaffin firji da masu su suka kawo suka manta. Tabaransa ma ƙafa ɗaya ta karye tuntuni, ya ɗaure ta da jar wayar lantarki, ya ce ai ta fi sabuwa ƙwari.

'Ya'yansa mata duk suna gidajensu. Auta ne kawai ya rage a gabansa, tare suke buɗe shago, tare suke rufewa.

Idan babu aiki, Auta yakan ciro waya su yi wani wasa da ake yaƙar dodanni ana tsallake koguna. Auta ke dannawa, Baba yana leƙe ta kafaɗarsa yana ba da umarni kamar shi ya ƙera wasan.

"Bi hagu! Kai, na ce hagu! To ka ga irinta, sun cinye ka."

A cikin wasan akwai wani tsoho mai fito, mai tsallakar da mutane kogi a kwalekwale. Ba ya yaƙi, ba ya raba kyauta. Duk wanda ya zo bakin ruwa, magana ɗaya yake gaya masa: "Akwai wurin mutum ɗaya." 'Yan wasa ko kallonsa ba sa yi, su dai su haye. Amma Baba yana son sa.

"Wannan ai ni ne," in ji shi. "Kullum yana bakin aikinsa, babu mai ce masa sannu."

Ana nan sai Auta ya samu aiki a wani gari mai nisa. Baba ya ce bai yarda ba. Magana ta yi zafi, har tsohon ya furta abin da bai kamata ba.

"In ka sa ƙafa ka bar shagon nan, kada ka sake ce mini Baba."

To kun san magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Auta ya ɗauki jakarsa ya tafi. Da zuciyar Baba ta huce ya nemi lambarsa, sai ya tarar an daina amfani da ita. Yayyensa mata ma sai dai ya aiko musu da gaisuwa ta bakin wani. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta.

Abu ɗaya ya rage tsakaninsu. Tun kafin rigimar, Auta ya sa wa Baba wasan a wayarsa, ya haɗa su abota a ciki. Duk sanda Auta ya shiga wasan, wani ɗan koren ɗigo yakan kunna kusa da sunansa. Saƙo kuwa Auta ya toshe, ba ya karɓar na kowa.

Allah sarki. Sai ka ga tsoho zaune a kan benci, sukundireba a hannu ɗaya, waya a ɗaya, yana kallon ɗigo.

"Yau ya shiga da wuri," yakan ce shi kaɗai. "Ƙila ba su da aiki da yawa. Ko dai ba shi da lafiya ne?"

Kewa ta cika masa ciki, ga shi babu wanda zai gaya wa.

Wata rana masu wasan suka sa gasar zane. Kowa ya zana wanda yake so a cikin wasan, ya ɗauki hoto ya ɗora. Wanda aka danna wa alamar zuciya da yawa yana hawa sama, wanda ba a danna wa ba yana nutsewa ƙasa. In mako ya cika, za a share na ƙasan gaba ɗaya.

Baba bai taɓa zana ko kaza ba a rayuwarsa. Amma ya yanko kwalin wani sabon firji, ya ɗauki biro, ya duƙufa. Ya zana tsoho mai fito, ya sa masa tabarau ɗaure da waya. A kan kujerar da babu kowa a kwalekwalen, ya zana kofi mai karyayyen hannu. Kofin Auta ne, wanda har yanzu yake ajiye a kan tebur a shagon.

Shi a tunaninsa, ɗora zane kamar kafa allo ne a bakin shago, duk mai wucewa sai ya gani. Bai san zane ya fi dubu ba a wurin. Nasa ya gangara can ƙarshen shafi, babu zuciya ko ɗaya. Mutum guda da ya yi tuntuɓe da shi ma cewa ya yi, "Wannan kwalekwale ne ko takalmi?" ya bi da dariya.

Ku da kuke irin wannan sharhin, da ku nake. Wallahi ku ji tsoron Allah.

Yanzu bari in kawo muku wata yarinya. A shagon magani take aiki, a wasan kuwa sunanta 'Yar Fensir. Ita kam Allah Ya ba ta hannu. Jarumar wasan ta zana, tsaye a ƙofar gari da mashinta, kai ka ce za ta yi magana. Zanenta yana sahun gaba, zukata na ta zuba.

Amma tana da wata ɗabi'a da yayanta yake kira ɓata lokaci. In ta samu sarari a shago, ba ta fara kallo daga sama. Sai ta ja shafi har ƙarshe, ta fara daga waɗanda babu wanda ya kalla. Kuma ba ta tsayawa a danna zuciya. Sai ta ƙura wa zane ido, ta yi wa mai shi tambaya a kan wani abu da ta gani a ciki.

A wurin mahaifiyarta ta gaji wannan. Tun tana ƙarama, in ta kawo zane, Umma takan tsayar da keken ɗinki, ta goge hannu, ta ɗaga takardar a hasken taga. Ba ta taɓa cewa "ya yi kyau" ta ajiye ba. Sai ta ce, "Wannan tsuntsun me ya sa ya juya wa 'yan'uwansa baya?"

Tun da Umma ta rasu, babu wanda ya sake yi mata irin wannan tambayar. "Ya yi kyau" kam tana sha kullum, har ta gaji da ji.

A haka ta iso kan zanen kwali. Layukan a karkace, hannun mai fito ya fi kwalekwalen tsawo. Ta yi murmushi, sai idonta ya tsaya a kan kujerar nan. Ta rubuta:

"Sannu da ƙoƙari. Kowa jarumai ya zana, kai kaɗai ka tuna da mai fito. Amma a wasan babu kofi a kwalekwale. Na waye wannan, kuma me ya karya masa hannu?"

Amsa ba ta zo ba sai bayan la'asar, da alama da yatsa ɗaya aka rubuta ta.

"'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Kofin na ɗana ne. Ni na ture shi da gwiwar hannu ya karye, ya ƙi yarda a sayo wani. Na yi masa magana mai zafi ya tafi. Yana wasan nan, ina ganin ɗigonsa. Na ce ko zai ga zanen ya san wurinsa yana nan. Ki taimaka ki gaya mini, daga can inda yake ana ganin sa?"

'Yar Fensir ta karanta, ta sake karantawa. Wata mata ta shigo sayen maganin tari, sai da ta yi sallama har ta ɗaga murya kafin yarinyar ta ji.

Me za ta ce masa? Ta san sarai babu mai ganin sa. Ta kuma san gobe mako zai cika a share shi.

To, akwai wata dama da masu gasar suka ba 'yan sahun gaba kaɗai: tauraro guda ɗaya tak. Duk zanen da aka liƙa wa, zai hau shafin farko na yini guda, inda duk wanda ya buɗe wasan sai ya gan shi. Kowa adana nasa yake yi sai ranar ƙarshe, ya liƙa wa kansa. Ita ma haka ta shirya. Wanda ya ci gasar za a sa zanensa a cikin wasan da sunansa, kuma wannan ne burinta tun da ta fara.

Da ta koma gida ta gaya wa yayanta. Yana wanke hannu, ya tsaya da sabulu ya zuba mata ido.

"Ke kina da hankali kuwa? Ni da na bi abokaina ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su danna miki? Har maigidana na sa ya sauke wasan, mutumin da ko kiran waya sai an amsa masa!"

"Yaya, in an share shi gobe shi ke nan fa."

"A share mana! Ke kika ce ya kori ɗansa? Kuma wa ya gaya miki yaron zai gani? In ya gani ma, wa ya ce zai kula?"

"Babu wanda ya gaya mini."

"To?"

Ta ce, "Ni nawa an kalle shi. Shi mutum ɗaya yake nema ya kalli nasa."

Yaya ya yi tsaki, ya ce alherin da ya wuce kima sunansa wauta. Ita ma fa ba dutse ba ce, ranta yana son gasar nan. Da safe ta daɗe da waya a hannu, yatsanta yana kai da komo tsakanin zanen biyu. Daga ƙarshe ta ce bismillah, ta liƙa wa kwali.

Tabɗi! Zo ku ga surutu. Wasu suka ce an lalata gasa. Wasu suka ce hannunta ne ya zame. Mai maganar takalmi ya dawo da abokansa. Su kuwa sauran 'yan sahun gaba kowa ya liƙa wa kansa, kafin azahar sun wuce ta sun bar ta a baya.

A can shago, Baba bai taɓa ko firji ɗaya ba. Ya ga zanensa a gaba, ya ga sunan wadda ta ɗaga shi, sai ya zauna yana jiran ɗigo. Rana ta take, ɗigo bai kunna ba. Ta karkata, shiru. Har ya fara shigar da kayan aiki zai rufe, sai koren nan ya bayyana.

Ya zauna a kan benci. Can sai wani sabon sharhi ya fito a ƙarƙashin na masu dariya.

"Baba, ashe ba ka yar da kofin ba?"

Baba! Sunan da shi da bakinsa ya hana. Tabarau ya yi hazo, da ƙyar ya iya haɗa haruffan.

"Akwai wurin mutum ɗaya."

Bai ajiye wayar ba ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ya ɗauka. Auta ne ya fara magana.

"Baba, ni ma kullum ina ganin naka ɗigon. Kunya ce ta hana ni."

"Ni ya kamata in ji kunya, ɗan nan. Ka ci abinci kuwa?"

'Yar Fensir ba ta ci gasar ba, ko kusa ba ta zo ba. Ta ga sharhin Auta ta yi murna har da hawaye, amma ba zan ɓoye muku ba, da aka sanar da wanda ya ci sai da abin ya sosa mata rai. Yaya kuwa kwana biyu yana cewa, "Ai na faɗa."

Bayan 'yan makonni, tana jera magunguna, sai wayarta ta yi motsi. Wani ne ya yi sharhi a kan tsohon zanenta, wanda kowa ya riga ya manta da shi. Baba Mai Firji ne.

"'Yata, Auta ya zo hutu, ga shi nan yana shan shayi a kofinsa. Ya nuna mini yadda ake buɗa hoto ya yi girma, na zauna na kalli naki da kyau. Jarumar kam kowa ya yabe ta. Amma can bayanta akwai wata 'yar taga, da wata mata ta ɗaga takarda tana dubawa a haske. Wace ce ita? Kuma me take gani da ya sa ta murmushi haka?"

Mutum nawa ne suka danna wa zanen nan zuciya? Babu ko ɗaya da ya ga tagar. Har yayanta bai gan ta ba.

Yarinyar ta nemi kujera ta zauna. Ta goge ido da bakin mayafi, ta fara rubutu: "Baba, Ummata ce. Bari in ba ka labarinta."

Darasi: Kada ka auna abin da mutum ya yi da yawan masu tafa masa. Wani abin da ka raina a ƙasan shafi, mai shi zuciyarsa ya ɗora a kai. Ka tsaya ka duba da kyau, ka tambaya kafin ka yi dariya, domin alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kafin ka tura wa 'yan'uwa wannan labarin, kuma ina roƙo ka tura, fara neman wani da ya yi ƙoƙari babu wanda ya kula, ka ce masa ka gani.