Tsarabar Malam Tanimu

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, wani bawan Allah ana ce da shi Malam Tanimu. Masu hira a baya, ku saurara, da ku nake.

Aikinsa kula da gidan tarihin buga littattafai. A ciki akwai tsofaffin injina, da jaridun farko da suka yi ja don tsufa, da akwatuna cike da haruffan dalma, ƙanana kamar wake, waɗanda ake jerawa a shafa musu tawada a danna kan takarda. Makarantu na kawo ɗalibai yana nuna musu. Ya jera sunan yaro ya buga, yaro ya ga sunansa a takarda ya yi ta tsalle. To kun san mu, baƙo ba ya komawa hannu rabbana. Sai Malam ya riƙa ba kowane yaro harafi ɗaya cikin waɗanda suka tsufa suka cinye, tsaraba. Iyaye mata kuwa suka ce ƙarfen da ya buga ilimi ai albarka gare shi, suka ɗaure shi da zare suka rataya wa jarirai a wuya. Jariri kuwa ina zai kai abin da ke wuyansa? Baki!

Ana nan, hannun Malam ya fara rawa, ciki na murɗa, dasashi ya yi baƙi. Likita ya duba shi ya ce, "Malam, dalma ce ta cika maka jini. Kai babba ke nan. Jariri in yana tsotsarta, ko ta kashe shi ko ta taɓa masa ƙwaƙwalwa."

Malam bai tsaya ba. Ya tafi wurin shugaban gidan, Alhaji Nalado, ya faɗa masa.

Alhaji ya ce, "Tanimu, a bar kaza cikin gashinta. Ka daina bayarwa, shi ke nan. In maganar nan ta fita makarantu za su daina zuwa, a rufe gidan. Da wannan hannun naka wa zai ɗauke ka aiki?"

"Ranka ya daɗe, na wuyan yara fa?"

"Wa ya san guba ce?"

"Allah ya sani, ni ma yanzu na sani."

Jama'a, sai ya shiga gari. Gida gida, yana sallama yana cewa, "Ni na ba ɗanku harafi. Guba ce, ku cire." Wani ya gode, wani ya zage shi tas. Har ya isa wani gida ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, ana zaman makoki. Jaririya ce ta yi ta jijjiga ta rasu, kowa ya ce iska ce. Ku saurara nan: babu wanda ya zargi Malam. Da ya yi ta'aziyya ya wuce, da shi ke nan.

Ya durƙusa gaban uban ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Tana da harafi a wuya?"

"Tana da shi. An mayar wa ɗan tagwaicinta."

"A cire yanzu, don Allah. Ina tsoron shi ya kashe ta, kuma da hannuna na bayar."

Uban ya miƙe ya kwaɗa masa mari a gaban mutane. Malam bai ɗaga kai ba, sai cewa yake, "A cire, a cire." Aka cire.

Aka rufe gidan tarihi, gara ta cinye jaridun. Malam ya ƙare a ɗaki, yara na jifan ƙofarsa suna kiransa mai guba. Ranar da ya rasu, sahu ɗaya bai cika ba a jana'izarsa. Wallahi abin na ci mini rai. Ɗan tagwayen nan kuwa ya rayu, ya yi jikoki, bai ma san sunan Malam Tanimu ba.

To ga darasin. Wanda ya cutar bisa rashin sani, ranar da ya sani amana ta hau kansa, shirunsa kuma zunubi ne. Kai mai shagon da ka gano maganinka ya lalace bayan ka sayar, ke da kika ba da labari kika gano ƙarya ne, kun koma kun ce a cire? Za a mare ku, ba na ɓoye muku. Amma ku zaɓa: marin duniya, ko tambayar jaririyar nan ranar tsayuwa.