Randar Inna Sa'a a Gidan Burodi

Ga ta nan, ga ta nanku, mutanen wannan shafi. Na ji kun amsa, ta zo mu ji ta.

Akwai wani ɗalibin jami'a a Damagaram mai suna Albarka. Aikinsa na ƙarshe kafin difilom shi ne ya kama iskar kabon, wadda ke ƙara wa duniya zafi, daga hayaƙin wani gidan burodi a Zango. Ya ja tiyo daga bututun hayaƙi zuwa tanon ƙarfe, wato ganga, cike da ruwan sinadari mai shanye iskar.

A ɗakin gwaji mai sanyi, abin ya yi. A tsakar gidan burodi ya ƙi. Ga malamai za su zo dubawa ran Alhamis, in bai yi ba sai ya maimaita shekara.

Inna Sa'a, tsohuwar da ke sayar da fura a ƙofar gidan, ta taɓa tanon, ta janye hannu.

"Ɗana, dafa shi kake yi?"

"Inna, wannan kimiyya ce, ba damun fura ba."

"To, mai kimiyya. Ni dai ko nono ba na bari cikin ƙarfe a rana."

Ya yi dariya. Ran Talata awo ya sake nuna ruwan bai kama iskar ba, ya zauna ya yi tagumi. Can sai ya tuna abin da ya haddace tun ajin farko: ruwan yana kama iskar in yana da sanyi, yana sakinta in ya ɗau zafi.

Ya je ya durƙusa. "Inna, ki yafe mini. Yaya kike sanyaya naki?"

"Au, yau furar ta zama kimiyya? Tashi, ɗauko randata a gidana a unguwar Kara-Kara."

Suka kafa randar cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, suka cika ta da ruwa, suka naɗe tiyon a ciki don hayaƙi ya huce. Tanon kuma suka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu.

Ran Alhamis awo ya nuna ruwan yana shan iskar. Babban malamin ya ce, "A wane littafi ka samo wannan?"

Albarka ya fita, ya dawo riƙe da hannun Inna Sa'a, idonsa da ƙwalla. Malamai suka hau tafi.

Ta ce, "Ku bar tafin nan, ku sayi fura."

Ranar ƙwaryarta ba ta kai azahar ba.

Ƙurunƙus, a nan na ajiye ta.

Darasi: Kada takardarka ta sa ka raina wanda ya san wurin da kake aiki. In ya taimake ka, ka gode masa a gaban mutane. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.